Tiya 2 daga kowane buhu

Wasiƙar wannan mako daga Tawa ta zo. Na cire sunan mai ita da duk abin da zai sa a gane shi, na kuma taƙaita ta:

"Baba, ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji. Ni Kirista ne, ina da mata da 'ya'ya 4. Shekara 3 ke nan ina riƙe da makullin mangazar wani ɗan kasuwa mai samun kwangilar kai gero makarantun karkara masu ciyar da yara. Albashina jika 75 a wata. Duk daren da za a yi lodi, sai a farke bakin kowane buhu a ɗebe tiya 2, a sa basilla a maida ɗinki, da safe ni kuma in rubuta kilo 100 in sa hannu. Bayan kowane lodi ana miƙo mini ambulan mai jika 15, wai na goro. Sau 5 ina karɓa. Ni kaɗai ne Kirista a wurin. Fastonmu ya ce in ajiye aikin yau-yau. Matata ta ce ba ni na kawo tsarin ba, in kama bakina mu ci tuwo. Wata 4 rabona da cin Jibin Ubangiji, don in zan miƙa hannu sai in tuna abin da hannun ya rubuta. Baba, Kirista zai iya zama a irin wannan wuri?"

Ɗana, sannu da ɗawainiya, sannu da haƙuri. Wata 4 ɗin nan da ka yi ana zagayawa da gurasa da ƙoƙo kana sunkuyar da kai, su suka sa na ture sauran wasiƙu na fara da taka. Wanda zuciyarsa ta mutu ba ya rasa barci a kan tiya 2. Taka da ranta, kuma ka gode wa Allah a kan haka tun kafin mu shiga magana.

Bari mu fara da lissafi, don shi ne sana'ata har na ajiye aiki. Buhun gero mai kilo 100 tiya 40 ne ko kusa da haka, tunda tiya ɗaya wajen kilo 2 da rabi take ci. In an ɗebe 2, an rage kilo 5. Ɗauki babbar mota guda mai buhu 300: tiya 600 ke nan, wato buhu 15 cif sun kwana a mangaza alhali takarda ta ce sun tafi. Ka fi ni sanin hanyar da motar ke bi. Ta nufi arewa wajen Abalak ko Cintabaraden, ko ta karkata wajen Keita da Buza, ta sauke kaya a makarantar da iyayen yaran suka bi dabbobi, ko uba ya tafi ci-rani Abijan, aka bar yaro saboda an san zai samu abin kaiwa baki a lakwal. Matar da ke dafa musu tana auna wa tukunya bisa abin da takarda ta faɗa. Abincin da aka lissafa zai kai kwana 100 sai ya ƙare a 95. Ko dai ta tsinka kunun tun daga farko kowa ya sha ruwa-ruwa, ko murhu ya yi kwana 5 a sanyaye. Yaro mai jin yunwa ba ya zama a aji. Ya kama hanyar gida, wani kuwa in ya tafi ya tafi ke nan. Duk wanda ya ga Adar, wato yankin Tawa, a 2005, bayan farin da farar da suka cinye damunar 2004, ya ga uwaye a layi tun asuba da yara a goye, ba zai ƙara ce wa tiyar gero ɗan abu kaɗan ba. Ina so fuskokin yaran nan su kasance a gabanka duk lokacin da za ka buɗe baki a kan wannan magana, ko da maigidanka, ko da matarka.

Fastonka da matarka, kowa ya kama gefe ɗaya na gaskiya ya ja.

Tambayar da ka rufe wasiƙarka da ita, ko Kirista zai iya aiki ƙarƙashin mai cin haram, Littafi Mai Tsarki ya amsa ta tun da daɗewa. Buɗe 1 Sarakuna 18 ka karanta labarin Obadiya. Shi ne wakilin fadar Ahab, sarkin da aka ce ya fi duk waɗanda suka riga shi aikata mugunta, kuma an shaide shi da tsoron Ubangiji ƙwarai. Lokacin da Yezebel, matar Ahab, ke karkashe annabawa, Obadiya ya ɗauki 100 daga cikinsu ya ɓoye a kogo, 50 nan 50 can, yana kai musu abinci da ruwa. Da ya tattara kayansa ya bar fada ranar da ya fara ganin zalunci, wa zai ciyar da su? Dubi kuma Luka 3:12-14. Masu karɓar haraji da sojoji suka zo wurin Yahaya Maibaftisma suna tambayar abin da za su yi. Waɗannan su ne sana'o'in da suka fi kowace suna wajen ƙwace a zamanin. Bai ce su ajiye aiki ba. Masu haraji ya ce kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade musu. Sojoji ya ce kada su yi ƙwace, kada su yi wa kowa ƙazafi, su gamsu da albashinsu. Bulus ma a 1 Korintiyawa 5:9-10 ya ce in za mu guji duk mazambata da masu haɗama na duniya, to sai dai mu fita daga duniyar. Saboda haka zama kusa da mai laifi bai maida kai mai laifi ba, kuma sayar da gero sana'a ce ta halal. A nan ina ganin faston ya yi gaggawa.

Amma ka lura da abu ɗaya a duk labaran nan. Obadiya ya ci abincin fada, ya bi umarnin sarki har zuwa yawon neman ciyawa don dawakai da alfadarai, amma ba a ce hannunsa ya taɓa annabi ko ɗaya ba. Yahaya ya bar mutane a wurin aikinsu, ya ɗaure musu hannu daga haram. Kai kuwa, ɗana, ba a gefe kake tsaye kana kallo ba. Aikin mai mangaza gaba ɗayansa shi ne ya ƙirga ya ba da shaida. In ka rubuta kilo 100 ka sa hannu, kana ce wa wanda ya biya kuɗin, da shugaban makarantar, da matar da ke dafawa: ni na gani da idona, kayan nan cikakke ne. Wanda ya farke buhu ya saci gero. Sa hannunka ne ke sa satar ta wuce ba a gane ba. Littafin Firistoci 19:35-36 ya hana algus a awo da mudu, Karin Magana 11:1 ta ce ma'aunin ƙarya abin ƙyama ne ga Ubangiji, annabi Amos kuma a sura 8 ya tsawata wa 'yan kasuwar hatsi masu rage mudu su ƙara kuɗi. Don haka maganar matarka cewa ba kai ka kawo tsarin ba gaskiya ce, sai dai ba ta wanke ka ba, tunda yanzu da alƙalaminka tsarin ke tafiya.

Ambulan ɗin nan shi za ka fara yankewa. Ba don ƙauna ake ba ka shi ba. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, kuma in baki ya ci, ido sai ya ji kunya. An ba ka ne don ranar da za ka ce uffan a tuna maka kai ma ka lasa.

Ba daga nesa nake faɗa maka wannan ba. Bayan an karya darajar sefa a Janairun 1994, ina aiki a wani ofis a nan Yamai, albashi sai ya yi wata biyu, uku bai zo ba. Wata ranar Alhamis shugabana ya ajiye mini takardar siminti buhu 200, alhali 160 na ƙirga da idona ana saukewa. Ya ce in sa hannu, sauran suna hanya. Na san babu wata hanya, amma na sa. Washegari ya miƙo mini abin da ya ishe ni sayen buhun shinkafa, na kai gida, yara suka yi murna. Bayan shekara 2 masu bincike suka zo. Shi an riga an sauya masa wurin aiki, sunana ne kaɗai a ƙasan takardar. Wata 10 ana yankar albashina. Duk wannan bai kai ciwon daren da na zaunar da matata na gaya mata daga ina shinkafar nan ta fito ba. Ta yi shiru ta daɗe, sannan ta ce da ta sani da mun sha kunu. Har yau in na tuna sai in ji nauyi a ƙirjina. Ka gaya wa matarka wannan labarin. Ba maƙiyiyarka ba ce. Ita ke ganin tukunya, ita mai gidan haya ke tararwa in ba ka nan. Zaunar da ita bayan yara sun kwanta, ka yi mata lissafin buhu 15 ɗin nan, ka nuna mata cewa ranar da abin zai fashe, kuma rana dubu ta ɓarawo ce, ɗaya ta mai kaya, ba za a nemi wanda ya riƙe basilla ba. Takarda za a buɗe, sunan mijinta za a gani. A ƙasar nan an kafa hukumar HALCIA a 2011 don yaƙi da cin hanci, a 2023 aka kafa hukumar COLDEFF mai yaƙi da laifukan kuɗi. Sunayen hukumomi suna sauyawa, amma kowane mai bincike daga sa hannu yake farawa. Shirun da take ganin yana kare gidanku, shi ne ke ajiye gidan a bakin rami.

Jika 15 sau 5, jika 75 ke nan, albashin wata guda cif. Wannan kuɗin ba naka ba ne, kuma ba na maigidanka ba ne balle ka maida masa. Kada kuma ka zuba shi a farantin baiko kana cewa ka ba Allah. Allah bai rasa ba, yara ne suka rasa. Zakka mai karɓar haraji, a Luka 19:8, wurin waɗanda ya zalunta ya ce zai mayar. Ka sayi gero, ko da tiya 4 ko 5 ne kowane wata, ka aika wa ɗaya daga cikin makarantun da ka san motar ta je, ta hannun wani dattijon ikkilisiya mai riƙe sirri, har ka cike. Ba sai an yi shela ba. Zai ɗauki lokaci, amma duk tiyar da ta fita za ka ji ƙirjinka ya ƙara sakewa.

Yanzu maganar maigidan. Kafin lodi na gaba za ka same shi, ba da safiyar da mota ke ƙofa 'yan dako suna jira ba, don a nan ba shi da zaɓi sai ya kare mutuncinsa da kai. Same shi shi kaɗai, a gida in ya yiwu, bayan ya huta. Gaishe shi yadda ka saba, ka zauna ƙasa in haka kuke yi. Ka ce masa wani abu kamar haka: "Alhaji, shekara 3 ina cin arzikinka, ban manta ba. Amma akwai abin da ya hana ni barci. Daga yau abin da sikeli ya nuna shi zan rubuta. Ambulan ɗin nan ma a bar shi, albashina ya ishe ni. In ka ga ba zan yi maka amfani a mangaza haka ba, ka maida ni wani gefen, ko bin mota ne." Ka tsaya nan. Kada ka kira shi ɓarawo, kada ka yi masa barazana, kada ka yi masa wa'azi.

Akwai abin da nake roƙonka da babbar murya: kada ka bari maganar ta zama ta Kirista da Musulmi. Ka ce kai kaɗai ne Kirista a wurin, na kuma ji kaɗaicin da ke cikin wannan kalmar. Ƙidayar 2012 ta nuna ba mu kai mutum 1 cikin 100 ba a Nijar, mu da muka ga majami'u suna ci da wuta a Damagaram da Yamai a Janairun 2015 mun san yadda ƙaramar magana ke rikiɗa in an sa mata rigar addini. Sata ba ta da addini. Na ga ma'ajin ikkilisiya da ya ci kuɗin gini, na kuma yi aiki da Musulmin da ko alƙalamin ofis ba ya kaiwa gida. Abin da ake yi a mangazar nan, addinin abokan aikinka ma ya la'ance shi: Suratul Muɗaffifina da azaba ga masu tauye mudu ta buɗe, labarin Annabi Shu'aibu da mutanen Madyana kuma a kan awo da sikeli yake. Ba kai za ka karanta wa Alhaji waɗannan ba, ba hurumin ka ba ne, zai ji kamar ka ci masa fuska. Amma ka buɗe ido. Cikin direbobi da 'yan dakon nan da wuya a rasa wanda shi ma abin ke ci masa rai yana ɗinki yana istigfari. In ka tsaya, za ka ga ba kai kaɗai ba ne. In kuma akwai dattijo ko malamin da Alhaji ke jin nauyinsa, wanda ka amince da shi, wani lokaci kalma ɗaya daga bakinsa ta fi goma daga naka.

Ba zan yi maka alkawarin da Allah bai yi ba. Mai yiwuwa Alhaji ya ji kunya ya bari, na taɓa ganin haka, don ɗan kasuwa ya san darajar mutumin da ba ya taɓa kaya ko ba a kallonsa. Mai yiwuwa ya sauya maka aiki. Mai yiwuwa kuma ya kore ka. Yusufu ya ƙi zunubi a gidan Fotifar, kurkuku ya fara gani kafin fada. Don haka tun yau ka fara shiri, kada a saki reshe ba a kama komai ba. Tattara takardar ɗaukarka aiki da na albashi in akwai, ka duba ko an yi maka rajista a CNSS, asusun inshorar ma'aikata na ƙasa. Dokar ƙwadago ta 2012 ba ta yarda a kori ma'aikaci ba tare da dalili na gaskiya ba, kuma ofishin sufeton ƙwadago shi ke fara zaman sulhu kafin a je kotu; ka san inda yake tun kafin ka buƙace shi. Ka sami ɗan littafi naka na kanka, kana rubuta rana, lambar mota, yawan buhu da abin da sikeli ya nuna, ka ajiye shi a gida. Ka fara tambayar aiki a hankali. Adar ƙasar kasuwanci ce. Lokacin albasa daga Galmi zuwa Madawa ana neman mai iya ƙirga buhu da riƙe littafi, kuma shekara 3 da makulli a hannunka ba ƙaramin jari ba ne.

Ka koma wurin fasto, da ladabi, ka ce masa: "Baba, na ji, kuma zan daina sa hannu. In aka kore ni, me ikkilisiya za ta yi da 'ya'yana 4?" Wannan tambaya ce ta gaskiya. Yakubu 2:15-16 ya ce ba amfani a ce wa ɗan'uwa mai yunwa ya sauka lafiya ba a ba shi abin da jiki ke buƙata ba. In dattawa da zumuntar mata za su iya ɗaukar haya ta wata 2 ko buhun gero guda, su faɗa tun yanzu, matarka ta ji da kunnenta. Mu shugabannin ikkilisiya mun iya aika mutum bakin daga mu koma gida mu ci tuwo, kuma wannan abin kunya ne gare mu.

Saura abu ɗaya mai wuya, ba zan ɓoye maka shi ba. In Alhaji ya ce to, wani zai riƙa sa hannu, kai dai riƙe makulli, kada ka ɗauka ka tsira. Ana farke buhu a ɗakin da makullinsa ke aljihunka, yara kuma suna nan da kunun ruwa-ruwa. A nan maganar fasto ta zama daidai: ka miƙa makullin, ko a ba ka wani aikin ko ka tafi. Ko ka tafi ma, haƙƙin yaran bai sauka gaba ɗaya daga wuyanka ba, tunda ka sani. Afisawa 5:11 ta ce kada mu haɗa kai da ayyukan duhu, sai ma mu tone su. Ban ce ka ruga hukuma gobe ba. Ka fara ba mutumin damar gyarawa, wannan haƙƙin gishirin da ka ci a gidansa ne. In ya ƙi, waɗanda suka ba da kwangilar suna da haƙƙin su san cewa a auna buhu a wurin saukewa, kuma akwai hanyar isar da wannan ta bakin manya ba tare da ka jefa iyalinka cikin haɗari ba. Kada ka yi shi kai kaɗai, kada ka yi shi cikin fushi. Duk ranar da mai iko ya tambaye ka kai tsaye kuwa, ka faɗi abin da ka gani, har da naka rabon.

Batun Jibin Ubangiji, kada ka jira sai ka biya jika 75 ɗin duka. 1 Yahaya 1:9 ta ce in mun furta zunubanmu, shi mai aminci ne, zai gafarta mana. Ka durƙusa daren yau ka kira abin da sunansa a gaban Allah, ka ce na yi shaidar zur sau kaza, na ci abin da ba nawa ba, na daina. Ka gaya wa fasto abin da ka ƙudurta. Ranar da za a sake zagayawa da gurasa, ka miƙa hannun nan.

In ka gana da Alhaji ka rubuto mini yadda kuka yi, ko da abin bai yi daɗi ba. Ni da matata mun sa sunanka a addu'armu ta safe. Ka gaida maiɗakinka da yara.